Aikin da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa ya san motocin da ke kai buhunan gero da aya kasuwanni, mutane zaune bisa buhunan. Da yawansu sun kwana biyu. Har yau akan gamu da Peugeot 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975. Idan kulocin irin wannan mota ya cinye, inji na kuka mota ba ta ja, mai ita yakan auna kuɗin gareji da tafiyar Maraɗi, sai ya ce: bari in yi da kaina a ƙofar gida.

Ba na ganin laifinsa. Talaka da ya san cikin motarsa ya fi mai jiran a yi masa. Amma akwai tambaya guda: shin wannan aiki nasa ne shi kaɗai?

Sauke akwatin giya ƙarfi ne kawai. Mayar da shi ne ke tona halin mutum. Dole faifan kuloci ya zauna daidai tsakiya, fuskarsa ta dubi inda ya kamata, ba ɗigon mai a jikinsa, sa'an nan sandar akwatin ta shige cikin haƙoransa ba tare da tilas ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima; a nan kam ƙimar ido ba ta isa, kuskure ɗan kaɗan ya hana sandar shiga. To, ga magariba ta gabato, gobe kasuwa, akwatin ya tsaya saura kamar yatsa biyu. Nan zuciya ke raɗa wa mutum ya ɗaura kusoshi ya jawo shi da ƙarfi. Zai haɗu kuwa. Sai dai faifan yakan lanƙwashe a ciki, ko bakin akwatin ya tsage, kuma da an rufe babu mai sake gani, ko jandarma ko fasinja.

Makanike yana da suna da zai kare, yana da maigida da ya koya masa, ana iya komawa a tuhume shi. Mai gyara a gida ba shi da mai duba shi. Shi ne ma'aikaci, shi ne shaida. Matar da za ta hau da goyo ba a shawarce ta ba, alhali ita ma tana ciki ranar da giya za ta ƙi shiga, direba na tsakiyar wuce tirela.

Kuma kada mu manta da wanda ke ƙarƙashin motar. Sau da yawa ɗan gidan ne, ɗalibinmu, saboda shi ne siriri. Yana kwance cikin rairayi, ya tallabi ƙarfen da ya kusa nauyinsa, motar kuwa na tsaye bisa jak ɗaya da tubalan ƙasa biyu.