Watanni Bakwai: Wa Ya Kamata Ya Yanke Shawara?

Ciwon dajin bangon mahaifa ya fi kama mata bayan sun daina haila, kuma alamarsa ta fari yawanci zubar jini ce. Idan ya bazu cikin jiki, tiyata kaɗai ba ta isa, shi ya sa likitoci suka shiga gwada haɗa magunguna. A wani gwaji da aka wallafa a 2022, an raba mata 827 gida biyu. Rabin waɗanda aka ba lenvatinib tare da pembrolizumab sun kai watanni 18 da rai, rabin waɗanda aka ba tsohon magani kuwa watanni 11. Sai dai hawan jini da zawo da kasala sun addabi masu karɓar haɗin, har kashi ɗaya cikin uku suka daina.

Ribar ke nan: kusan watanni 7, tare da wahala. Ko ya dace mai bi ta karɓa?

Waɗansu na ganin neman irin wannan magani raunin bangaskiya ne. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Ubangiji ne ya ƙara wa Sarki Hezekiya shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa. Haka kuma wadda ta ƙi, ta zaɓi ƙarasa kwanakinta a gida tsakanin jikokinta, ba ta yi zunubi ba.

Laifin yana wurin ɓoye gaskiya. Iyalai da dama kan ɓoye wa mahaifiya sunan ciwonta don tausayi, maigida da 'ya'ya su sa hannu a madadinta. Ƙasar nan ta san ɗacin haka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, inda yara kimanin 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, shari'a ta ɗauki shekaru.

Abin da aka zargi baƙo da shi bai kamata 'yan gida su yi wa uwarsu ba. Jikin nata ne, kwanakin ma nata ne a gaban Allah. Hakkin iyali da Ikilisiya shi ne su nemi likita ya yi mata bayani cikin harshen da take ji, su yi addu'a tare da ita, sa'an nan su tsaya mata a kan abin da ta zaɓa.