Mudun Gaskiya: Hikimar Littafi Mai Tsarki a Kasuwa da Wurin Aiki

Tambayar inda ake gane amincin mai bi ga Allah tsohuwa ce, kuma amsar da Littafi Mai Tsarki ya bayar ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba, domin ta bi mutum har cikin rumfarsa da gonarsa da ofishinsa, inda yake kwashe kwanaki shida na mako yana neman abinci. Littattafan da masana suke kira littattafan hikima, wato Ayuba da Karin Magana da Mai Hadishi, tare da wasu daga cikin Zabura, ba su cika yin magana a kan hadaya da tsarin Haikali ba, sun fi mayar da hankali ga harshe da bashi da lalaci da maƙwabtaka da ciniki. Hikima a cikinsu ita ce iya zaman duniya yadda Mahalicci ya tsara ta, kuma Karin Magana ya ɗora ta tun daga babinsa na farko a kan tsoron Ubangiji, wanda ba firgita ake nufi da shi ba, sai dai sanin cewa Allah yana gani, yana kuma da hakki a kan kowane aiki. Babu inda wannan koyarwa ta fi fitowa fili kamar batun awo da ma'auni.

Littafin Karin Magana mai babi 31, wanda aka danganta yawancinsa ga Sarki Sulemanu, wanda kuma babi na 25 ya nuna cewa mutanen Sarki Hezekiya na Yahuza sun kwafi wani sashe nasa, ya koma kan batun ma'auni har sau huɗu (11:1; 16:11; 20:10; 20:23). A uku daga cikin waɗannan wurare an kira ma'aunin ha'inci abin ƙyama ga Ubangiji, hukunci mai nauyi da Attaura take yanke wa bautar gumaka, a ɗayan kuma an nuna cewa duwatsun awo da ɗan kasuwa yake ɗauke da su a jaka aikin Allah ne. Wannan ya yi daidai da dokar da ke cikin Littafin Firistoci 19:35-36 da Maimaitawar Shari'a 25:13-16, inda aka hana Ba'isra'ile ya ajiye duwatsun awo iri biyu ko mudu iri biyu, babba da ƙarami, ko da a cikin gidansa ne. Hana ajiyewar ya nuna cewa laifin yana farawa tun ranar da aka tanadi kayan cuta, kafin mai saye ya iso.

Sanin yadda ake ciniki a wancan zamani yana taimakawa wajen gane zafin maganar. A zamanin sarakunan Isra'ila da Yahuza ba a fara amfani da tsabar kuɗi a ƙasar ba, saboda haka azurfa ake aunawa a kan sikeli da dutsen da ake kira shekel, wanda masu binciken kayan tarihi suka tono irinsa da yawa a Yahuza, nauyinsa kuma ya ɗan haura giram 11, hatsi kuwa ana auna shi da efa, wato babban mudu mai cin kimanin lita 22. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa wanda ya yi wa'azi a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Yerobowam na biyu, ya bayyana a babi na 8 yadda 'yan kasuwa suke rage efa suna ƙara nauyin shekel, ta yadda talaka yake karɓar hatsin da bai cika ba, ya kuma biya azurfar da ta wuce kima, a cuce shi sau biyu a ciniki ɗaya, sannan a haɗa masa da sharar alkama. Abin da ya fi tayar da hankali a bayanin Amos shi ne cewa waɗannan mutane suna kiyaye Asabar, suna rufe rumfunansu, amma suna ƙosawa ranar ta wuce su koma ga ha'incinsu. Ibadarsu ta cika a idon jama'a, annabin kuwa ya ce Allah ya rantse ba zai manta da ayyukansu ba.

Mai karatun da ya san kasuwannin hatsi na ƙasar Hausa, tun daga Dawanau ta Kano har zuwa ƙananan kasuwannin ƙauye da ke ci mako-mako, ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane wannan hoto. An san mai awon da yake da tiya biyu, ɗaya mai zurfi wadda yake saye da ita daga hannun manomi, ɗaya kuma wadda aka bubbuge gindinta ya turo ciki, wadda yake sayar wa matar da ta zo awon abincin dare. An san buhun masara da aka zuba busasshiya mai kyau a bakinsa, aka cusa mai danshi da ƙaiƙayi a tsakiya, da waken da aka yi wa algus da tsakuwa domin ya yi nauyi. Kirista da Musulmi suna zaune rumfa da rumfa a waɗannan kasuwanni, kuma Alƙur'ani ma yana da sura guda, ta 83, wadda ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu, saboda haka maƙwabcin Kirista ya san sarai abin da ya kamaci mai tsoron Allah, yana kuma auna shaidar mai bi da abin da ya gani a tiyarsa kafin ya saurari abin da ke bakinsa.

Koyarwar ba ta tsaya ga mai sayarwa kaɗai ba. Karin Magana 20:14 ya zana mai sayen da yake kushe kaya a gaban mai shi domin ya karya farashi, sa'an nan ya tafi yana fahariya da arahar da ya samu, wanda ya nuna cewa tayi halal ne amma ƙarya a cikin tayi ha'inci ce. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a biya talaka ɗan ƙodago hakkinsa a ranar da ya yi aikin, kafin rana ta faɗi, domin da shi ya dogara, wasiƙar Yakubu kuma a babi na 5 ta ce ladan masu girbi da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi (Luka 3:12-14), bai ce su bar aikinsu ba, ya umarce su ne kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada kuma su yi ƙwace ko ƙazafi. Daga nan ake gane cewa kowace sana'a tana da nata mudun: na birkila shi ne yawan sumuntin da ya zuba a kwaɓi, na malamin makaranta shi ne lokacin da ya tsaya a aji, na ma'aikacin gwamnati shi ne fayil ɗin da ya sa wa hannu ba tare da jiran na goro ba, na ma'ajin ikilisiya kuwa shi ne lissafin baiko da yake karantawa a gaban dattawa.

Sai dai hikima ta wuce jerin dokoki, domin akwai al'amuran da doka ba ta yanke su kai tsaye ba, sai an yi aiki da fahimi. Misali mai kyau shi ne ajiyar hatsi. A Farawa 41 Yusufu ya ba Fir'auna shawarar tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi, aka kuma yaba masa da hikima, amma Karin Magana 11:26 ya ce jama'a suna la'antar mai ɓoye hatsi, suna sa wa mai sayarwa albarka. Aikin a zahiri iri ɗaya ne, wato cika rumbu, bambancin yana ga niyya da lokaci, tun da Yusufu ya buɗe rumbunan sa'ad da yunwa ta zo, mai ɓoyewa kuwa yakan ƙara kulle su ne a daidai lokacin. Kiristan da ya sayi hatsi da kaka ya ajiye domin ya sayar da bazara bai yi laifi ba, ya ma taimaka wajen raba abinci a tsawon shekara, amma idan damina ta yi nisa, rumbunan maƙwabta suka ƙare, shi kuma ya ƙi fitarwa yana jiran farashi ya ninka, to ya bar sahun Yusufu.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ba za a tsallake shi ba, wato cewa mai gaskiya yakan yi asara, mai algus kuma ya gina gida. Wanda ya karanta Karin Magana shi kaɗai zai iya ɗauka cewa an yi wa adali alkawarin arziki a kowane hali, amma littafin yana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya ne, Ayuba da Mai Hadishi kuma suna nan domin su nuna cewa ba kullum suke tafiya haka ba. Ayuba ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya ba tare da laifin da abokansa suka ɗora masa ba, Asaf kuma a Zabura 73 ya yi kusan tuntuɓe saboda ganin wadatar mugaye, bai sami natsuwa ba sai da ya shiga wuri mai tsarki ya yi tunani a kan ƙarshensu. Gaskiya ne cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai cika mudu yakan tara abokan ciniki da ba sa barinsa, amma wanda ya riƙe gaskiya saboda riba kaɗai zai sake ta ranar da ribar ta tsaya. Wannan ne ya sa addu'ar Agur a Karin Magana 30:7-9 take da muhimmanci, inda ya roƙi a nisanta shi da ƙarya, a kuma ba shi abin da zai ishe shi, don kada yalwa ta sa ya manta da Allah, kada kuma rashi ya kai shi ga sata ya ɓata sunan Allahnsa.

Wanda ya riga ya tauye mudu ba a rufe masa ƙofa ba, amma tuban da Linjila ta nuna yana tafiya tare da mayar da hakki, kamar yadda Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, Yesu kuma ya shaida cewa ceto ya sauka a gidansa a ranar (Luka 19:1-10). Yesu ya kuma koyar a Luka 16:10 cewa halin mutum a ƙaramin abu shi ne halinsa a babba. Saboda haka ya wajaba fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata da ta matasa su mayar da batun awo da bashi da ladan ma'aikaci cikin koyarwar yau da kullum, su kuma daina karɓar babban baiko da yabo ba tare da damuwa da hanyar da aka samo shi ba. Mai bin da yake cika zakkarsa ranar Lahadi amma yake tauye tiyarsa ranar kasuwa bai cika aminci ga Allah ba, gyaransa kuma yana farawa ne daga fasa tiyar ha'incin da biyan waɗanda ya cuta.