Adalci a Cikin Aji Amana Ne

Ya ku ƴan'uwa Musulmi na Filinge da ƙasar Kurfai, ku sani Allah Ya umurce mu da adalci, kuma adalci ba ya tabbata sai da sani.

A shekarar 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Kafin shekarar ta ƙare, irinta ta auku a Maraɗi. Ƴaƴan talakawa ne ke zama a irin waɗannan azuzuwa. To, wa zai ƙidaya su, ya binciki abin da ke fitar da yarinya daga makaranta, ya kai hujja gaban mahukunta? Wannan aikin masu binciken harkar ilimi ne, kuma muna ganinsa farillar kifaya.

Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira a littafinsa na 1964 da a karantar da yaro cikin harshensa. A 1973 aka fara gwada haka da Hausa a Damagaram.

Saboda haka idan ɗiyanmu suka zaɓi wannan fanni, kada mu hana su don ƙarancin albashi. Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.