Rabo da Zaɓi a Teburin Wasa

A shekarar 1974, sa'ad da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, mai wasa ba shi da ta cewa game da siffofi shida na gwarzonsa, irin su ƙarfi da basira da hikima, domin ƙwayoyin lido uku ake jefawa, abin da ya fito kuwa shi ne rabonsa. A bugu na biyar, na 2014, akwai wata hanya: a ba kowa maki 27, kowace siffa ta tashi daga 8 ba ta wuce 15 ba, siffar da ta kai 15 kuwa ita kaɗai takan cinye maki 9.

Wannan yakan tuna mini doguwar muhawarar malaman tauhidi a kan jabru da ikhtiyari, wato ko tilasta wa mutum ayyukansa ake yi ko shi ke zaɓa, har Imamul Ash'ari ya zo da bayanin kasabu, wato Allah ke halittar aiki amma mutum ne ke ɗaukar nauyinsa. Na fi ƙaunar hanyar makin, alhali nauyinta ya fi yawa, domin wanda ya jefa lido yana iya jingina rauninsa ga sa'a, amma wanda ya zauna da fensir yana rage hikima don ya ƙara ƙarfi, yana gogewa yana sake rubutawa, ya san da hannunsa ya tauye gwarzonsa.