HAYAƘIN MAIGIDA DA JINJIRIN DA KE CIKI



Ran 31 ga watan Mayu Ikkilisiya takan yi idin ziyarar da Uwarmu Maryamu ta kai wa Alisabatu. A wannan rana ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke kiran mutane su bar taba. Ku duba labarin a Bisharar Luka sura ta ɗaya. Mata biyu ne masu juna biyu suka gaisa a bakin ƙofa, sai jinjirin da ke cikin Alisabatu, mai wata shida, ya motsa. Ashe abin da ya shigo gida yana isa ga wanda ba a haifa ba tukuna. Gaisuwa ta isa gare shi. Hayaƙi ma yana isa.

Mu mutanen Gwashi da kewaye ba mu bukatar a koya mana abin da guba ke yi in ta shiga gida. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙasar Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. Babu uban da ya yi niyyar cutar da ɗansa. Abinci suka fita nema, suka kawo duwatsun zinariya gida aka daka a tsakar gida, ƙurar ta sauka a inda yara ke rarrafe. Da aka gane, aka fitar da aikin daga gidaje. To, akwai wata gubar da har yau maza ke shigowa da ita ɗaki a aljihun riga, kuma dalma tana cikin abubuwa fiye da 7,000 da aka samu a hayaƙinta.

Wani zai ce, ai matanmu ba sa shan sigari. Gaskiya ne. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna wajen maza 7 cikin 100 ke busa taba, mata kuwa ko ɗaya cikin 100 ba su kai ba. Saboda haka da ku nake magana, magidanta. Ɗaki ɗaya ne, taga ƙarama, in damina ta sauka ko hunturu ya busa a rufe ƙofa. Maigida ya gama cin tuwo ya kunna kara ɗaya. Abin da ya fesar da abin da ke tashi daga bakin karan, duka uwargida ke shaƙa, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Jinjiri a ciki ba ya numfashi da hanci. Iskarsa da abincinsa ta jinin uwa suke zuwa, su bi ta mabiyiya da cibiya. Nikotin da ke cikin taba yana tsuke hanyoyin jinin nan, kamar a taka tiyon ban-ruwa. Akwai kuma iskar kabon monoksaid, irin ta hayaƙin janareto, wadda ke kama jini da ƙarfi fiye da iska mai kyau sau ɗari biyu, ta hana ta wurin zama. Yaro yana cikin uwarsa amma yana ƙarancin iska da abinci. Tun 1957 wata likita a Amurka, Winea Simpson, ta nuna cewa mata masu shan sigari sun fi haihuwar ƙananan jarirai, daga baya aka tabbatar cewa jariransu sukan gaza da wajen giram 200 a kan sikeli. Na wadda ke shaƙar hayaƙin miji bai kai haka ba, amma raguwar tana nan. Taba na ƙara haɗarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da rabuwar mabiyiya kafin lokaci mai kawo zubar jini, da haihuwar ɗa marar rai, da tsagaggen leɓe.

Kada mu raina giram 200. Jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, sanyi kaɗan ko gudawa sai ta kayar da shi. Ku da kanku kun san nisan da ke tsakaninmu da asibitin Gummi ko na Anka, kun san halin hanya da dare a shekarun nan na rashin tsaro. Bakwainin da za a ceta a birni, a wurinmu sau da yawa ba ya kaiwa ranar baftisma.

Abin kuma ba ya ƙarewa ranar suna. Huhun da bai ginu sosai a ciki ba yakan bi yaro har girma: tari, shaƙewar ƙirji, asma, ciwon haƙarƙari. Yaron da ke kwana cikin hayaƙi ya fi yawan ciwon kunne, jariri kuwa ya fi shiga haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci, wadda mukan ɗora wa mayu ko iska. Hayaƙin murhu ma yana da nasa laifi, amma girki dole ne, sigari ba dole ba ce.

Iyayenmu mata, ku ma akwai taku. Garin taba da kanwa da ake cusawa a kumatu don ciwon haƙori ko tashin zuciya, da wanda ake shaƙa a hanci, ba su da hayaƙi, amma nikotin ɗin yana shiga jini ya isa ga yaro. Kaka kada ta ba surukarta mai ciki. A Littafin Mahukunta sura 13, tun kafin a haifi Samson aka gargaɗi uwarsa game da abin da za ta ci ta sha, da mijinta Manowa ya nemi bayani aka maimaita masa. Kiwon ciki aikin mutum biyu ne.

Ikkilisiya ba ta yi shiru ba. Katikisim na 1992, a bayanin doka ta biyar, ya ambaci taba cikin abubuwan da kamewa ke hana mu wuce iyaka a kansu, Paparoma Fransis kuma ya hana sayar da sigari a Batikan daga 2018. A Nijeriya dokar taba ta 2015 ta haramta busa ta a wuraren jama'a da sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin kwana. Can maigida ne hukuma, kamar yadda Yusufu Mai Tsarki ya tsare uwa da ɗa.

Na san barin taba da wuya, nikotin yana kama mutum, da yawa sai sun gwada sau uku ko huɗu. Wanda bai iya bari yau ba, ya fitar da ita daga ɗaki da zaure tun daren nan, har da ta baƙi. Buɗe taga bai isa ba. Ya sake riga ya wanke hannu kafin ya ɗauki jariri, domin hayaƙin yana maƙalewa a tufa. Mace mai amfani da taba ta faɗa wa ungozoma ranar awo ba tare da kunya ba. In ta bari a watanni uku na farko, nauyin jaririnta yakan zo kusan daidai da na sauran yara, ko daga baya ta bari ma akwai riba. Ina roƙon katikis da shugabannin Zumuntar Mata su ta da maganar nan a taronsu na wannan wata, kuma a gayyato maza su zauna su ji.