Ƙaunar da ke Ganin Laifi

Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Duk wanda ya taɓa kallon uwa tana kare ɗanta gaban maƙwabta ya san karin maganar ba ta faɗi ƙasa ba. Amma addinin Kirista ya ɗora wa mabiyansa wata irin ƙauna wadda ake buƙata daidai wurin da laifi ya fito fili. A cikin wa'azin da Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya yi bisa dutse, kamar yadda Linjilar Matiyu ta kawo shi daga sura ta 5 zuwa ta 7, an hori mutum da ya ƙaunaci abokin gabansa, kada ya rama mari da mari. Tambayar da ta daɗe tana damun masanan Kirista ita ce: wanda ya riƙe wannan horo da gaske, yana iya kai ɓarawonsa gaban alƙali? Yana iya tsaron garinsa da makami?

Da harshen Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma kalmar da aka fi mora a cikinsa wajen wannan horo ita ce agape, wadda ta bambanta da sha'awa, ta kuma bambanta da shaƙuwar abokai. Nufinta shi ne neman alherin wani ko da bai kwanta maka a rai ba. Wannan bambanci yana da amfani, domin ba a iya umurtar zuciya ta ji daɗin azzalumi, amma ana iya umurtar mutum kada ya nemi halakarsa.

Akwai waɗanda suka ɗauki horon kai tsaye, ba ragi ba ƙari. Mafi shahara cikinsu shi ne marubucin Rasha Tolstoy, wanda ya rasu a 1910. Shi a ganinsa bai halatta Kirista ya shiga soja ba, ko ya zauna kujerar alƙali, ko ya tare mugunta da ƙarfi ta kowace fuska. Ra'ayin yana da kwarjini, kuma Gandi na Indiya ya ƙaru da shi. Sai dai yana da rami guda. Kuncin da aka ce a miƙa, kuncin mai shi ne. Idan mari ya sauka kan maraya a gabanka, ka naɗe hannu da sunan ƙauna, to ka yi kyauta da abin da ba naka ba. Ka tausaya wa mai duka, ka bar wanda ake duka ya biya kuɗin tsarkinka.

Wannan rami ne ya sa wasu masana suka bi wata hanya. Agustin, babban limamin birnin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ga zamanin da aka washe birnin Rum a shekara ta 410, ya kuma rasu a 430 mayaƙan Bandal suna kewaye da garinsa. Ya koyar cewa hukuma tana iya ɗaukar takobi don kare marasa ƙarfi, muddin zaman lafiya take nema, ba ramuwa ba. Ƙarni goma sha biyar bayansa, Reinhold Niebuhr, fasto a birnin Detroit na Amurka daga 1915 zuwa 1928, ya ga yadda masana'antun mota ke tatse ma'aikata su yar da su. A littafin da ya wallafa a 1932 ya nuna cewa mutum ɗaya yana iya sadaukar da nasa, amma taro, ko kamfani ne ko ƙabila ko ƙasa, da wuya ya saki ribarsa don an yi masa wa'azi. Saboda haka a tsakanin jama'a da jama'a, ƙauna ba ta da hannun da za ta yi aiki da shi sai adalci: doka, kotu, ƙungiyar ƙwadago, da ƙarfin da ke taka wa wani ƙarfi burki.

To amma ita ma wannan hanya tana da nata santsi. Wanda ya saba cewa duniya ba ta gyaruwa sai da sanda, wata rana sandar ce za ta zama addininsa. Agustin da kansa ya goyi bayan a tilasta wa ƴan ɗarikar Donatus komawa cikin babbar majami'a da ƙarfin hukuma. Mayaƙan da suka shiga Ƙudus a 1099 suka zubar da jinin Musulmi da Yahudawa, alamar gicciye ce a kan tufafinsu. Niebuhr ya san da haka, shi ya sa ya nace cewa horon ƙauna, ko da ba wanda ke cika shi, dole ya tsaya bisa kan kowace doka yana tuhumarta, don kada mai hukunci ya ɗauka ya gama biyan bashi.

Ina ganin mafita tana cikin rarrabe abu biyu da muke yawan cakuɗawa: gafara da hukunci. Gafara ta wanda aka cuta ce, shi kaɗai ke da ikon bayar da ita. Hukunci haƙƙin al'umma ne, domin yana kare waɗanda cutar ba ta iso ba tukuna. Ranar 13 ga Mayu 1981 Mehmet Ali Agca ya harbi Paparoma Jan Pol na Biyu a dandalin Fatikan. A watan Disamba 1983 Paparoma ya je har gidan kaso ya zauna da shi, bayan ya riga ya shaida wa duniya ya yafe masa. Duk da haka Agca ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekara ta 2000. A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sasantawa da Desmond Tutu ya shugabanta ta gindaya sharaɗi: ba afuwa sai mai laifi ya faɗi duk abin da ya aikata. Fiye da mutum 7000 suka nema, 849 suka samu. A wurare biyun nan an ga laifi sarai, an kira shi da sunansa, kuma ba a yanke ƙauna ga mai laifin ba.

Linjila ma ba ta rasa wannan lissafi ba. A misalin Basamariye da ke cikin Luka sura ta 10, matafiyin da ya tsinci wanda ƴan fashi suka jikkata ya ɗaure masa rauni, ya kai shi masauki, ya bar dinari biyu, ya yi alkawarin biyan ragowar in ya dawo, sa'an nan ya ci gaba da tafiyarsa. Ya san iyakar aljihunsa da ta lokacinsa, ya kuma raba nauyin da mai masauki. Asibitin Galmi da ke jihar Tawa, wanda ƴan mishan suka buɗe a 1950, da tausayi aka kafa shi, amma da a ce ba a ƙirga magani da albashi, da bai kai shekara saba'in yana karɓar marasa lafiya ba.

Mu a Nijar wannan magana ta taɓa mu. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, aka ƙone majami'u da dama. Shugabannin Kirista sun yi shelar sun yafe, wasu maƙwabta Musulmi kuwa sun ɓoye Kiristoci cikin gidajensu. Duka biyun abin yabo ne. Amma yafiyar wanda aka ƙona wa ɗaki ba ta sauke wa hukuma nauyin bincike da tsaro, kuma babban zalunci ne a mai da ita hujjar rufe magana. Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan tsari, tun da shari'a ta ba wanda aka cuta haƙƙinsa, ta kuma kwaɗaitar da shi ga yin afuwa, ba tare da ta tilasta masa ba.

Inda aka fi yin kuskuren shi ne cikin gida. Matar da mijinta ke duka, ko Kirista ce ko Musulma, abin da ta fi ji daga dangi shi ne ta yi haƙuri, haƙuri maganin zaman duniya. Haƙurin da ke barin mai duka ya ci gaba da duka bai amfane shi da komai ba, sai ƙara nutsar da shi cikin zunubinsa. Wanda ke neman alherin mijin nan da gaske, shi ne zai riƙe masa hannu, in ta kama a kai shi gaban sarki ko jandarma. Haka malamin makaranta: in ya ba ɗalibi makin da bai ci ba don tausayi, ya tura shi aji na gaba da ƙafa ɗaya. In kuma ya kā da shi ya manta da shi, ya yi adalcin da ba ya haifar da komai. Aikinsa shi ne ya rubuta makin gaskiya, washegari ya zauna da yaron su sake bin darasin tun daga farko.