Mai Hawa Dutse Ya Tuna da Saukowa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kafe ƙasa da duwatsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, a wata bazara da zafi ya tsananta a Tasawa da Mayahi, Allah Ya nufe mu da ziyara zuwa ƙasar Abzin. Daga Agadas muka yi arewa cikin duwatsu, tafiyar kimanin kilomita 200, har muka sauka Timiya. Gari ne a cikin kwari, garake sun kewaye shi da dabino da lemo da rumman, ga ruwa yana gangarowa daga kan dutse. Arewa da shi akwai kufan Asode, tsohon birnin da ya watse ya bar bangon masallacinsa a tsaye. A cikin waɗannan duwatsu ne Shehu Sidi Mahmudu Albagdadi ya tarbiyyantar da almajirai kan zikiri da halwa a ƙarni na 16.

Muna zaune a inuwa bayan la'asar sai abokin tafiyarmu ya nisa, ya ce: "Wallahi Malam, da ba don iyali ba, da nan zan ƙare kwanakina. Babu gulma, babu mai bin bashi, babu rigimar iyakar gona." Wannan magana ita ta haifi tambayarmu ta yau: shin wanda ya guje wa mutane domin tsare addininsa ya fi wanda ya zauna cikinsu?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Ruhubanawan Nasara sun zaɓi kan duwatsu tun kafin zuwan Musulunci. Gidan kaɗaitarsu da ke gindin Dutsen Sina'i an gina shi a ƙarni na 6, kuma har yau akwai masu ibada a ciki. Musulunci bai umurci a taɓa su ba. Sayyidina Abubakar, da zai aika runduna Sham, ya yi wasiyya a ƙyale su da abin da suka tsare kansu dominsa. Sai dai aya ta 27 ta Suratul Hadid ta bayyana cewa su suka ɗora wa kansu wannan hanya, kuma ba su iya riƙe ta yadda ya kamata ba.

Ba mu musun cewa kaɗaita tana da hujja. Samarin Kogo sun tsira da imaninsu ta hanyar gudu. Buhari ya ruwaito cewa zamani zai zo da Musulmi zai bi ƙololuwar duwatsu da tumakinsa domin gudun fitina. Amma wannan magani ne na lokacin larura, kuma ba a mai da magani tuwo.

Mu dubi Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya kasance yana kaɗaita a kogon Hira, har wahayi ya sauko masa a shekara ta 610. Daga nan bai zauna can ba. Ya sauko Makka, inda aka zage shi, aka cutar da shi, ya yi haƙuri. Da wasu mutum uku suka ƙudurta barin barci da barin shan ruwa da barin aure, ya hane su. Imamu Gazali ma ya bar kujerar karantarwa a Bagadaza a 1095, ya yi shekaru a keɓe, sa'an nan ya koma karantarwa a Naisaburi a 1106.

Dalili a fili yake. Mafi yawan kyawawan halaye ba su samuwa sai da mutane. Wa za ka yi wa haƙuri a kan dutse? Wa za ka yafe wa? Wanda bai yi gulma ba don bai sami abokin hira ba, ba a jarraba shi ba tukuna. Kuma zuciya ba ta zama a gida idan mai ita ya yi tafiya. Hassadar da ya tashi da ita daga Tasawa tare za su isa Timiya.

Mun kuma lura da wani abu. Inuwar da ta burge abokinmu ba daga sama ta faɗo ba. Mutanen garin ne suka haƙa rijiyoyi, suna jan ruwa da raƙumi ko sa, uba ya dasa ɗa ya ci. Abin da baƙo yake gani hutu, a wurin mai garka aiki ne da zumunci.

Saboda haka wanda Allah Ya hore wa, ya je ya huta, ya yi tunani a kan kufai, ya girmama mutanen wurin. Amma ya tuna akwai tsohuwa a gida tana jiran hatsi, akwai maraya a unguwa, akwai manomi da makiyayi da ke bukatar mai sulhu in kaka ta yi. Wanda bai sami guzuri ba, shari'a ta ba shi nasa dutsen: sulusin dare na ƙarshe, da i'itikafin goman ƙarshe na Ramalana, a masallacin garinsa, a tsakiyar jama'a.

Allah Ya ba mu zuciya mai natsuwa ko a tsakiyar kasuwa. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.